Mayar da hoton faifai mai gigabait 500 a kan SSD mai 256: ina mafita?

Malam Habibu, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana daga cikinmu a kan wata matsala da ta hana ni sukuni kwana biyu ke nan. Ni nake riƙe wa kawuna, Alhaji, lissafin shagonsa na albasa da busasshen barkono a nan Mile 12, kuma duk abin da ya shafi bashi, da kuɗin mota, da hisabin dillalan da ke turo mana kaya daga Aliero da Sakkwato, yana cikin wata tsohuwar laftof da muka daɗe muna aiki da ita. A makon jiya faifan cikinta, mai gigabait 500, ya fara wani ƙara ƙas-ƙas, kwamfutar kuma tana daskarewa a tsakiyar aiki. Wani mai gyara ya ɗaukar mini hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, da manhajar Clonezilla, ya ajiye mini shi a faifan waje, ni kuma na je Computer Village na sayo SSD, irin faifan nan mai sauri, mai gigabait 256, domin na duba na ga abin da ke cikin tsohon bai wuce gigabait 141 ba. Da na zo mayar da hoton a kan sabon, sai Clonezilla ta ƙi, ta ce faifan da nake so a zuba a kai ya yi ƙanƙanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya buhu ɗari da arba'in zai ƙi shiga siton da ke cin buhu ɗari biyu da hamsin?

Nasiru, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Wannan ƙaramin aiki ne. Idan ka tayar da Clonezilla kada ka zaɓi tsarin 'yan koyo, ka zaɓi na ƙwararru, sannan a cikin jerin zaɓuɓɓukan ka kunna -icds, wanda ke hana ta auna girman faifan, a shafi na gaba kuma ka zaɓi -k1 domin ta raba sabon faifan daidai gwargwadon yadda tsohon yake. Na yi wa mutane da dama haka a shago, kuma kwamfutocinsu sun tashi lafiya.

Injiniya Lawal, Agege:
Malam Habibu, ka dakata tukuna, kada ka taɓa komai. Nasiru, ƙanena, ban ce ba ka taɓa yin hakan ya yi ba, amma ina kyautata zaton waɗanda ka yi wa, an riga an matse ɓangaren faifansu, wato an rage girman yankin da Windows ke zaune, kafin a ɗauki hoton, ko kuwa sa'a ce kawai ta taimake ku.

Bari in amsa tambayar buhun, domin a nan ne duk ruɗanin yake. Clonezilla, ta hannun wata manhaja da ke aiki a ƙarƙashinta mai suna partclone, ba fayiloli take kwafa ɗaya bayan ɗaya ba. Tana duba taswirar da tsarin fayil ɗin ya ajiye, wadda ke nuna gurbin da ke da kaya da wanda yake fanko, sai ta kwashe masu kayan kaɗai, kowanne tare da lambar gurbinsa. Wannan ne ya sa hoton ya fito ƙarami, amma yana nan yana tunawa da cewa daga faifai mai gigabait 500 aka ɗauko shi. Ka ɗauka kasuwa ce mai rumfa ɗari biyar, masu haya ɗari da arba'in ne kacal, sai dai ba a jere suke ba: wani yana rumfa ta 12, wani ta 230, wani kuma can ƙurya a rumfa ta 480. Littafin sarkin kasuwa ya rubuta kowa da lambar rumfarsa. Yanzu an ce a tashi a koma sabuwar kasuwa mai rumfa ɗari biyu da hamsin, kowa ya zauna a lambarsa ta dā. Mai rumfa ta 480 ina zai zauna? Ba yawan masu hayar ne matsalar ba, lambobin ne.

Abin da -icds ke yi shi ne ya ce wa mai gadi ya kau da kai, amma ba ya gina rumfa ta 480. Idan aikin ya kai kan gurbin da ya wuce ƙarshen sabon faifan, zai tsaya cak. Kuma ko da an yi sa'a dukkan kayan suna gaba-gaba, NTFS, tsarin fayil na Windows, ya rubuta jimillar sektocinsa, wato ƙananan gurabensa, a sektarsa ta farko, ya kuma ajiye kwafin wannan sekta a can ƙarshen ɓangaren. Windows za ta zo ta tarar da ɓangaren da ke iƙirarin girman da ba shi da shi, kuma ba za ta amince da shi ba.

Malam Habibu, Mile 12:
Injiniya, Allah Ya saka da alheri, amma saƙonku ya same ni na riga na gwada shawarar Nasiru. Aikin ya fara kamar da gaske, ya yi tafiya mai nisa, sannan ya tsaya da jan rubutu yana cewa ya kasa rubutawa. Ina fata dai ban ɓata hoton ba.

Injiniya Lawal, Agege:
Ba ka ɓata shi ba, in Allah Ya yarda, domin a lokacin mayarwa karanta hoton kawai ake yi, ba a rubuta komai a cikinsa. Abin da ke kan SSD ɗin ne ya zama shara, shi kuwa dama za a sake goge shi. Sai dai kafin ka ƙara wani gwaji, ka yi abu biyu. Ka kwafe babban fayil ɗin da hoton ke ciki zuwa wani faifai na daban, ko da aro za ka yi, domin a halin da ake ciki dukiyar Alhaji tana rataye ne a kan faifai guda wanda ke yawo a jaka cikin danfo. Sannan a cikin Clonezilla akwai zaɓin chk-img-restorable, wanda ke bincika ko hoton zai mayu. Tun da daga faifai mai ciwo aka ɗauko shi, gara mu sani tun yanzu.

Malam Ɗanjuma, Alaba:
Ni dai ina ganin ana neman a wahalar da bawan Allah a kan abin da bai kai ya kawo ba. A zuba sabuwar Windows a kan SSD ɗin, a buɗe hoton a kwaso fayilolin lissafin, shi ke nan. Manhajar Rescuezilla tana karanta hotunan Clonezilla, kuma tana da wurin leƙa cikin hoto a ɗebi abin da ake so. Kwamfutar da ta shekara da shekaru tana tara tarkace, me ya sa za a kwashe tarkacen a kai sabon gida? Balle ma idan Windows 10 ce, Microsoft ta daina ba ta tallafi na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba 2025.

Idan kuwa lallai sai an mayar da hoton yadda yake, to hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da wannan SSD a sayo mai gigabait 512. Faifai mai 500 yana da bait 500,107,862,016, mai 512 kuwa 512,110,190,592, saboda haka hoton zai shiga har da rara. Sai dai a yi hattara kada a sayo mai 480 a ce ai kusan ɗaya ne, domin Clonezilla za ta ƙi shi kamar yadda ta ƙi mai 256.

Malam Habibu, Mile 12:
Malam Ɗanjuma, na gode, kuma da a ce fayiloli ne kawai da tuni na bi shawararka. Damuwar ita ce manhajar lissafin kanta. Wani ne ya ɗora mana ita shekarun baya, ya bar Legas, lambarsa ba ta shiga, kuma ba mu da faifan ɗorawa ko lambar rajistarta. Bayanan suna cikin wata ma'ajiya da ba ta buɗuwa sai da ita. Maganar canjin SSD kuwa, na riga na ɓare kwalinsa na yi rubutu a kansa, kuma ban ga fuskar da zan koma wa Alhaji da ita in ce a ƙara kuɗi ba, bayan ni na ba shi tabbacin cewa wannan zai isa.

Malama Hadiza, Obalende:
Assalamu alaikum. Na karanta muhawarar tun daga farko, kuma ina tare da Injiniya a kan asalin ciwon. Ƙa'idar ita ce sai an matse tsarin fayil ɗin tukuna, wato a taso masu rumfunan ƙurya a dawo da su gaba a gyara littafin, sannan a ɗauki sabon hoto. Da tsohon faifan yana da lafiya da a kansa za a yi, amma faifan da ya fara ƙara ba a ɗora masa aikin kwashe-kwashe, domin yana iya cikawa a tsakiyar aikin. A ajiye shi a aljihun tebur, shi ne ko-ta-kwana na ƙarshe.

Akwai hanyar da nake bi a wurin aiki wadda ba ta bukatar a sayi komai, in dai faifan wajen yana da sarari. A kan Linux ana iya warware hoton ɓangaren zuwa cikin fayil guda maimakon faifai na gaske. Clonezilla tana yanka hoton gunduwa-gunduwa, masu ƙarewa da aa, ab, ac da sauransu, sai a haɗe su da umarnin cat, a warware matsin, a miƙa wa partclone.restore tare da zaɓin --restore_raw_file. Fayil ɗin da zai fito zai nuna girman gigabait ɗari huɗu da sittin da wani abu, amma wuraren da suke fanko ba sa cin sarari, saboda haka abin da zai ci a zahiri bai fi kayan da ke ciki ba. Sharaɗin shi ne faifan wajen ya kasance ext4 ko NTFS. Idan exFAT ne zai nemi cikakken girman, idan kuwa FAT32 ne ma ba a fara ba, domin ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4.

Daga nan sai a tambayi ntfsresize, manhajar rage girman NTFS, da zaɓin --info, ta faɗi iyakar ƙanƙantar da za a iya kai shi, a gwada da --no-action ba tare da an taɓa komai ba, sannan a yi na gaske. Amfanin wannan hanya shi ne idan ta ɓaci, sai a goge fayil ɗin a sake warware wani daga hoton.

Injiniya Lawal, Agege:
Malama Hadiza, hanyarki daidai take kuma mai tsafta ce, amma ina da ja a kanta ta fuska biyu. Ta farko, Malam Habibu mutumin lissafi ne, ba mutumin baƙin allon rubuta umarni ba, kuma a irin waɗannan umarni harafi ɗaya ne ke raba faifan da ake karantawa da wanda ake gogewa. Idan wajen sunan faifai ya rubuta sdb a inda ya kamata ya rubuta sdc, to an yi gyaran gangar Auzinawa. Ta biyu, ba mu san halin da Windows take ciki ba a lokacin da aka ɗauki hoton. Tun daga Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri, wanda idan ka kashe kwamfuta ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, wani irin dogon barci take shiga ta bar hiberfil.sys riƙe da bayanai. Idan a haka aka ɗauki hoton, ntfsresize za ta ƙi taɓa shi, ta ce a koma Windows a kashe ta yadda ya kamata, kuma ba za a iya tayar da Windows daga wannan fayil cikin sauƙi ba.

Shawarata ita ce a ari faifan laftof mai terabait ɗaya, ko ma mai 500 ɗin, a sa shi a gurbin tsohon, a mayar da hoton gaba ɗaya ba tare da wani zaɓi na musamman ba. Idan Windows ta tashi kuma manhajar lissafin ta buɗe, to mun tabbatar da hoton da idonmu, wanda ya fi kowane bincike. Daga nan sai a buɗe wurin umarni da ikon mai gudanarwa a rubuta powercfg /h off domin kashe wannan barcin, a yi chkdsk a binciki faifan, sannan a matse ɓangaren C, inda Windows take.

Malama Hadiza, Obalende:
Na karɓi hujja ta biyu, Injiniya, domin tayar da kwamfutar a ga manhajar ta buɗe shaida ce da hanyata ba ta bayarwa. Ta farkon kuwa ban yarda da ita gaba ɗaya ba, domin a taku hanyar ma sai ya zaɓi faifai a cikin Clonezilla, kuma a can ma ana yin kuskuren. Maganinsa ɗaya ne a ko'ina: a cire duk faifan da ba a bukata, a kuma karanta girma da sunan kamfanin da ke gefen kowane faifai kafin a danna amincewa.

Nasiru, Ikeja:
Na fahimci kuskurena, Injiniya, kuma gaskiyarku ne, waɗanda na yi wa nakan fara rage C ɗin kafin in ɗauki hoton, ban dai ɗauka wannan ne sirrin ba. Malam Habibu, ka yi haƙuri da ɓata maka lokaci. Ina da faifai mai terabait ɗaya a shago wanda babu komai a kansa, idan za ka iya biyowa ta Ikeja gobe bayan azahar sai ka karɓa, ka dawo da shi idan ka gama. Amma ina da tambaya: me ya sa wani lokaci Windows takan ƙi rage ɓangare fiye da rabi, alhali kuwa fanko ne?

Injiniya Lawal, Agege:
Saboda akwai masu rumfar da Windows ba ta iya tasa alhali tana aiki, domin a kansu take tsaye. Manyansu su ne pagefile.sys, da hiberfil.sys, da ma'ajiyar wuraren komawa baya da ke cikin System Volume Information. Manhajar kula da faifai ta Windows tana rage ɓangare ne zuwa inda na ƙarshensu yake, ta tsaya. Idan kana son sanin wanne ne ya tare hanya, ka duba kundin abubuwan da suka faru, wato Event Viewer, sashen manhajoji, ka nemi lamba 259, a nan take rubuta sunan fayil ɗin. Ana iya kashe su ɗaya bayan ɗaya a sake tayar da kwamfutar, amma ni na fi son a tayar da ita daga filashin GParted, manhajar yanka da rage ɓangarorin faifai, domin a lokacin Windows tana kwance babu wanda ba ya tasuwa. A ƙarƙashi dai ntfsresize ɗin da Malama ta ambata ita ke aikin, sai dai GParted tana daidaita jadawalin ɓangarorin da kanta. Idan aka sake tayar da Windows za ta tsaya ta yi binciken faifai, kada wannan ya firgita kowa, da gangan ntfsresize ke sa alamar.

Wani abu kuma, Malam Habibu, ka duba ko BitLocker, makullin Windows mai sirranta bayanan faifai, a kunne yake. Idan a kunne yake sai an warware shi gaba ɗaya kafin GParted ta iya ganin abin da ke ciki.

Malama Hadiza, Obalende:
A kan girman da za a rage zuwa gare shi, kada a yi lissafi da lambar da ke jikin kwali. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuwa tana ƙirga shi a matsayin 1,073,741,824. Saboda haka SSD mai 256, wanda ke da bait 256,060,514,304, Windows za ta nuna shi a matsayin 238 da ɗan ɗoriya, kamar yadda mai 500 ke fitowa 465. Wanda ya rage C zuwa 250 yana ganin ya bar rara, zai sake cin karo da bangon da muka fara da shi. Ni zan ce a rage zuwa 200, domin faɗaɗa ɓangare daga baya aikin daƙiƙu ne kuma ba shi da haɗari irin na ragewa.

Sannan ba C kaɗai ke kan faifan ba. A kwamfutar da ke tashi ta UEFI, tsarin tashi na zamani, za ka tarar da ƙaramin ɓangaren EFI mai riƙe fayilolin tashi a gaba, yawanci megabait 100, da wani mai megabait 16 da Microsoft ke keɓewa, sannan C, sannan sau da yawa ɓangaren farfaɗowa a can ƙarshen faifan. Wannan na ƙarshen shi ne mai rumfa ta 499, kuma ko an rage C yana nan inda yake sai an jawo shi. Shi kansa jadawalin ɓangarorin, wanda ake kira GPT, yana ajiye kwafinsa a sektocin ƙarshe na faifai, don haka jadawalin babban faifai ba ya zama daidai a kan ƙarami sai an gyara, wanda sgdisk ke yi da zaɓin -e.

Malam Ɗanjuma, Alaba:
To kun gani, ga shi an kai ga jawo ɓangarori da gyaran jadawali, duk a kan kwamfutar da batirinta, ina da tabbaci, ba ya riƙe wuta. Ina nan a kan bakata cewa sayen mai 512 ya fi arha idan aka lissafa lokaci da kuɗin motar zuwa Ikeja da dawowa cikin cunkoson Ojota. Amma tun da an zaɓi wannan hanya, abu ɗaya zan roƙa: kada a fara ragewa sai an jona laftof ɗin da inbata ko UPS mai cikakken caji. A lokacin da ake kwashe bayanai daga ƙarshen ɓangare zuwa gaba, idan aka ɗauke wuta, littafin sarkin kasuwar zai tsaya rabi tsoho rabi sabo. Ya taɓa faruwa da ni da faifan wani mai ɗaukar hoton biki, na kwana biyu ina tsintar fayiloli marasa suna. Janareto kaɗai ma ban yarda da shi ba, domin mai yana ƙarewa.

Injiniya Lawal, Agege:
Wannan gargaɗi ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci, Malam Ɗanjuma, ko da yake a wannan karon idan hakan ta faru faifan aro ne zai lalace, hoton yana nan, sai a sake daga farko. Dalilin da ya sa muka nace a kan kwafi ke nan.

Game da mataki na ƙarshe, ga yadda ni zan yi. Bayan an rage C an jawo ɓangaren farfaɗowa kusa da shi, a tayar da Windows sau biyu a tabbatar komai lafiya, sannan a ɗauki sabon hoto da suna na daban, kada a rubuta a kan tsohon. A wannan gaɓar ce -icds ɗin Nasiru ke da amfani, domin yanzu babu wani mai rumfa a bayan katanga, girman faifan kawai ake tsallakewa. Amma kada a haɗa shi da -k1, domin shi zai ƙara matse kowane ɓangare gwargwadon ƙanƙantar sabon faifan, har da waɗanda aka riga aka rage, sai ɓangaren ya koma ƙasa da tsarin fayil ɗin da zai zauna a cikinsa. Idan jadawalin ya ba da matsala, sai a yanka ɓangarorin da hannu a kan SSD ɗin, kowanne daidai da na hoton ko fiye kaɗan, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya ta restoreparts. Manhajojin yanzu suna fara ɓangaren farko daga sekta ta 2048, wanda shi ne daidai ga SSD, ba kamar zamanin Windows XP da ake farawa daga ta 63 ba.

Malam Habibu, Mile 12:
Assalamu alaikum. Ga inda aka kwana bayan kwana uku. Na karɓi faifan a wurin Nasiru, shi ne ma ya sa mini shi a cikin laftof ɗin, Allah Ya biya shi. Hoton ya mayu, Windows ta tashi, manhajar lissafin ta buɗe har da shigarwar ranar ƙarshe. BitLocker a kashe yake. Na yi ragewar a shagon wani maƙwabcinmu mai sayar da katin waya wanda ke da inbata, kuma an ɗauke wuta sau ɗaya muna cikin aikin, na tuna da Malam Ɗanjuma. Da na zo mayar da sabon hoton, jadawalin ya ƙi zama, sai na yanka ɓangarorin da hannu a GParted kamar yadda Injiniya ya ce, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kammala ba tare da jan rubutu ba. Sai dai da na kunna kwamfutar, shuɗin allo ne ya fito da lamba 0xc000000e, yana cewa ba a ga wata na'ura da ake bukata ba. Ban taɓa komai ba tun daga nan.

Malama Hadiza, Obalende:
Wa alaikumus salam. Kada hankalinka ya tashi, Malam Habibu, kayanka suna nan. A tsarin GPT kowane faifai da kowane ɓangare yana da doguwar lambar shaida tasa, kuma ma'ajiyar bayanan tashi ta Windows da waɗannan lambobi take neman C. Tun da da hannu ka yanka ɓangarorin, sun sami sababbin lambobi, ita kuwa tana kiran tsofaffin. Ka tayar da kwamfutar daga filashin ɗora Windows, ka zaɓi gyara maimakon ɗorawa, ka buɗe wurin umarni. A cikin diskpart ka rubuta list volume, ka gano ƙaramin ɓangaren nan na FAT32, ka zaɓe shi ka ba shi harafin S, ka kuma lura da harafin da Windows ɗinka ta samu a wannan wuri, domin ba lallai ne ya zama C ba. Idan ka fita daga diskpart sai ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, kana mai sauya C da harafin da ka gani. Kafin wannan, ka tabbatar a GParted ka sa wa ƙaramin ɓangaren alamar esp, domin idan babu ita kwamfutar za ta ɗauke shi ɓangaren ajiya ne kawai.

Malam Habibu, Mile 12:
Alhamdu lillahi, ta tashi. Alamar esp ɗin ce ma na manta tun farko, na sa ta, sannan na yi umarnin, kuma a wurina harafin D ne ba C ba. Saurin da take yi yanzu har Alhaji ya tambaye ni ko sabuwa na sayo. Na buɗe lissafin wata uku na baya na gwada da littafin hannu, sun yi daidai. Abin da ya rage shi ne ina ganin wajen gigabait 37 fanko a ƙarshen faifan, amma zaɓin faɗaɗa C a dushe yake, ba ya dannuwa.

Injiniya Lawal, Agege:
Madalla. Ba zai dannu ba, domin Windows ba ta faɗaɗa ɓangare sai fankon yana manne da shi ta dama, kai kuwa ɓangaren farfaɗowa ya shiga tsakaninsu. Ka koma GParted ka tura shi zuwa ƙarshen faifan, ƙarami ne ba zai ɗauki lokaci ba, sannan ka faɗaɗa C daga cikin Windows. Bayan haka ka rubuta reagentc /info ka ga ko tana ganin wurin farfaɗowar, idan ta ce a kashe yake ka gwada reagentc /enable. Kuma kada ka mayar wa Nasiru faifansa tukuna, ka ba SSD ɗin mako guda yana aiki.

Nasiru, Ikeja:
Ka riƙe shi har ƙarshen wata ma babu damuwa, Malam. Sai dai ranar da za ka kawo shi ka zo da lokaci a hannunka, mu goge shi tare a gabanka, domin lissafin Alhaji gaba ɗaya yana kansa, ni kuma wani zan sayar wa.